Tarihin Yadda Aka Gano Inda Zafin Rana Yake Tafiya In Ya Sauka Ƙasa

TAMBAYA

Takardu biyu muka haɗa a wannan mako, domin amsarsu ɗaya ce. Ta farko daga wani manomi ta fito, a ƙasar Gwaram. Ya ce gonarsa ta tudu da lambunsa na bakin kogi tafiyar minti goma ce tsakaninsu, rana ɗaya ke dukansu, amma da bazara ba ya iya taka gonar tudu ba takalmi, alhali kuwa in ya shiga lambu sai ya ji sanyi-sanyi. Yana so ya san ina zafin da ya sauka a lambun yake tafiya. Ya kuma ƙara da cewa tun yana yaro yake jin ana faɗin wai manoma da makiyaya su suka kori ruwan sama a farin 1973 da na 1984, saboda saran itatuwa da yawan kiwo. Shin gaskiya ne?

Takarda ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce mai sayen hatsi a Birnin Kudu. Shi kuma ya ji an ce akwai masu iya sanin yawan ruwan da gona ke sha daga can sararin sama, ba tare da sun taka gonar ba. Yana tambaya, yaya ake yin haka, kuma wa ya fara?

AMSA

To, Malam na Gwaram da Alhaji na Birnin Kudu, mun gode ƙwarai. Wannan tambaya taku ta ɗauki masana kimiyya kimanin shekara 300 kafin su iya amsa ta da lissafi, kuma wani sashe na aikin a nan kusa da ku aka yi shi, watau a Samaru ta Zariya da kuma Jamhuriyar Nijar. Bari mu bi tarihin daki-daki.

Zafi ba ya ɓacewa

Abin da za mu fara riƙewa shi ne, zafi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya wuri. Alhaji zai fi kowa gane wannan. Kuɗin da ya shiga aljihu da safe, in an zauna lissafi da dare, tilas a ga inda kowane kwabo ya tafi. Haka zafin rana yake. Da tsakar rana in gari ya yi garau, kowane fili mai taki ɗaya a tsawo, taki ɗaya a faɗi, watau murabba'in mita ɗaya, yana samun kimanin wat 1,000, kwatankwacin ƙarfin dutsen guga mai aiki da lantarki. Da gonar tudu da lambu duk abin da suke samu ke nan, ba wanda aka fifita.

Tun kafin a shiga rabo, ƙasa takan mayar da wani kashi sama. Farin rairayi yana mayar da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, shi ya sa yake kashe ido. Koriyar shuka tana mayar da kamar kashi 20, ruwan tafki kuwa bai kai kashi 10 ba. Ban da wannan, ƙasa tana fitar da wani irin zafi da ido ba ya gani, dare da rana, yana tafiya sama. Shi ne dalilin da ya sa da hunturu, sa'ad da babu girgije ko laima da za su tare shi, ake kwana da ɗari. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne jarin da ƙasa za ta raba, kuma gida uku take raba shi.

Kashi na farko iska yake shiga. Ƙasa ta yi zafi, ta gasa iskar da ke kwance a kanta, iskar ta tashi sama. Shi ne hucin da ke dukan fuska, shi ne kuma ke kawo kawalwalniya a kan titi da guguwar bazara. Kashi na biyu cikin ƙasa yake nutsewa, ya zauna, sa'an nan ya fito da dare. Mutanen Birnin Kudu sun san wannan sarai, domin wanda ya taɓa dafa ɗaya daga cikin duwatsun garin bayan magariba ya san yana nan da ɗuminsa. Kashi na uku kuwa shi ne wanda ya wahalar da masana, domin jiki ba ya jin sa. Shi ne zafin da ake kashewa wajen mayar da ruwa tururi.

Masu tukunya da sikeli

A shekara ta 1687 wani Baturen Ingila, Edmond Halley, wanda aka fi sani da ilmin taurari, ya zuba ruwan gishiri a kasko, ya ɗumama shi daidai da zafin bazararsu, ya auna abin da ya ragu da sikeli. Da wannan ɗan awo ya ƙiyasta ruwan da ke tashi daga Bahar Rum a yini ɗaya, ya nuna cewa ya isa ya biya abin da koguna ke zubawa a cikinta. To amma bai san yawan zafin da wannan tururi ke ci ba.

Wanda ya gano haka shi ne Joseph Black, malami a jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, wajen shekara ta 1762. Abin da ya lura da shi kowace uwargida ta san shi. In ruwa ya ɗauki minti goma kafin ya tafasa, to sai ya yi fiye da awa guda yana tafasa kafin tukunya ta ƙafe, ga shi kuma zafin ruwan ba ya ƙaruwa, duk da wutar da ake ta izawa. Ina wutar take tafiya? Black ya ce tururin ne yake ɗauke ta, ya kuma kira wannan abu ɓoyayyen zafi. Daga baya, a 1802, John Dalton na Ingila ya nuna cewa bushewar iska da ƙarfin kaɗawarta su ma suna ƙara saurin ƙafewar ruwa, kamar yadda shanya ke saurin bushewa da hunturu.

Ba sai ruwa ya tafasa yake ɗaukar wannan zafi ba. Randa da tulu suna tsatsafo ta jikinsu, iska ta kwashe, ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Da wannan hikima ta kakanni ne Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, domin adana tumatir da kayan miya. Har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000.

To, Malam na Gwaram, ga amsar tambayarka ta farko. Lambunka wata babbar randa ce. Ƙasar a jiƙe take, ganyen shuka kuma yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan kusan dukkan ruwan da saiwa ta sha yake fita. Saboda haka mafi yawan jarin zafin da lambu ya samu, kashi biyu cikin uku ko fiye, tururi ne ke tafiya da shi. Gonar tudu kuwa da bazara ba ta da ruwan da za ta ba wa rana, don haka kusan duka zafin iska da ƙasa suke raba shi. Saman rairayi a irin wannan lokaci yakan wuce digiri 50, wani lokaci ya kai 60. A taƙaice dai, ruwa shi ne mai rabo.

Daga sani zuwa lissafi

Sanin abu daban, iya auna shi daban. A 1926 wani ɗalibi a Kalifoniya ta Amurka, Ira Bowen, ya kawo wata dabara. Ya ce tunda iska ɗaya ce ke ɗaukar huci da tururi daga ƙasa zuwa sama, to a auna zafin iska da laimarta a wuri biyu, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya can bisa sanda. In bambancin zafi ya yi yawa, na laima ya yi kaɗan, to iska ce ke cin kaso mafi tsoka. In kuwa na laima ne ya yi yawa, to tururi ne. Har yau wannan ma'auni sunan Bowen yake amsawa. A fako yakan yi sama ƙwarai, a fadama ya yi ƙasa.

Sai kuma 1948, sa'ad da Howard Penman na tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ya sauƙaƙa aikin. Ya nuna cewa in ka san abu huɗu da kowace tashar duba yanayi ke rubutawa, watau hasken rana, zafin gari, laimar iska da gudunta, za ka iya ƙiyasta ruwan da fili mai laima zai rasa. A 1965 John Monteith ya ƙara wani abu da Penman bai sa ba, watau yadda shuka ke tsuke ƙofofin ganyenta in ta ji ƙishi. A 1998 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ɗauki wannan lissafi na mutum biyu a matsayin ma'aunin da za a riƙa bi wajen tsara ban ruwa.

Amma lissafin da aka yi a kan ciyawar Ingila, wa ya ce zai yi daidai da geron Hausa? Sai an gwada akan san na ƙwarai. An yi wannan gwaji a Samaru, inda aka kafa tashar binciken noma tun 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A farkon shekarun 1970 masana biyu, J. M. Kowal da A. H. Kassam, sun yi shuka a cikin manyan tankuna cike da ƙasa, waɗanda aka binne a tsakiyar gona daidai da doron ƙasa, aka kuma shirya su yadda za a iya sanin nauyinsu. In tanki ya ragu da nauyi, to ruwa ne ya tashi. Suka haɗa wannan da awon hasken rana, suka fitar da rahoto kan masara a 1973, kan gero a 1975. Kafin wannan, a 1972, Kowal da D. T. Knabe sun buga littafin taswirar yanayi na jihohin Arewa, wanda ya nuna lokacin faɗuwar damina, lokacin ɗaukewarta, da tsawon kwanakin da shuka za ta samu a kowane yanki. Irin wannan aiki shi ke taimaka wa malaman gona su ce irin kaza ya dace da kudancin Jigawa, amma ya yi wa arewacinta tsawon kwana. Shi Kassam daga baya ya haɗu da J. Doorenbos, suka rubuta wa FAO littafi a 1979 kan yadda ƙarancin ruwa ke rage amfanin gona.

Bari mu mayar da lissafin abin da mai lambu zai gani da idonsa. Ruwa mai kaurin milimita ɗaya a kan kadada ɗaya lita 10,000 ne, watau durom 50 mai cin lita 200. Da bazara lambun da ya rufe ƙasa yakan rasa milimita 6 zuwa 8 a yini. Ke nan durom 300 zuwa 400 kullum rana ta Allah. Nan ne kuɗin man injin ban ruwa yake tafiya. Akwai kuma wani abu. Busasshiyar iska mai zafi da ta taso daga tudu, in ta ratsa lambu, sai ta ba shi nata zafin, ta ƙara kwashe ruwa. Shi ya sa komayen da ke bakin lambu ta inda iska ke shigowa suka fi saurin bushewa, shi ya sa kuma darni ko shingen itatuwa yake da amfani. Watau Malam, gonarka ta tudu tana shan ruwan lambunka.

Fari, da wanda aka ɗora wa laifi

Yanzu mu zo ga tambaya mai nauyi. A 1972 da 1973 an yi fari mai tsanani daga Senegal har Chadi, ya kuma taɓa ƙasar Kano, wadda a lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikinta, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun ƙare, duniya kuma ta shiga neman dalili. A daidai wannan lokaci hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wani wurin kiwo da aka kewaye da waya a Ekrafane, cikin Nijar. Cikin waya ya fito da duhun ciyawa, wajenta kuwa fari fat. Mutane da yawa suka ce to ga shaida, dabbobi ne suka cinye ƙasa.

A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya ba wannan zato ƙafar tsayawa. Ya ce in an kwashe ciyawa da itatuwa, farin rairayi zai bayyana, ya riƙa mayar da hasken rana sama. Mai karatu zai ce, to ai fako ya fi zafi. Haka ne a tafin ƙafa. Amma Charney yankin gaba ɗaya yake dubawa, da iskar da ke can bisansa. In ƙasa mai faɗin gaske tana mayar da haske da yawa, jarin zafinta ya ragu ke nan, iskar sama sai ta riƙa saukowa maimakon tashi. Iskar da ke saukowa kuwa ba ta haɗa hadari. Ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, rairayi ya ƙara bayyana, abu ya yi ta zagayawa. Shi dai a matsayin hasashe ya kawo maganar, amma ta yi tasiri ƙwarai, musamman da aka yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan gurgusowar hamada a Nairobi a 1977. Da aka sake yin fari a 1983 da 1984, sai maganar ta ƙara zama a zukata, cewa talaka da gatarinsa da akuyarsa su suka jawo. Daga nan ne, Malam, abin da ka ji kana yaro ya samo asali.

Gani ya kori ji

Hanyar raba gardama ita ce a je a auna. Tsakanin 1988 da 1990 masana daga Cibiyar Nazarin Ruwa ta Ingila suka haɗa kai da cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, suka kafa na'urori suna auna rabon zafi. Wannan ya share fage ga babban aiki mai suna HAPEX-Sahel. Daga Agusta zuwa Oktoba na 1992, masana daga Faransa, Ingila, Holan, Amurka, Nijar da wasu ƙasashe suka taru a wani yanki mai kimanin kilomita 100 a tsawo, 100 a faɗi, a kewayen Yamai. Suka kafa sanduna a gonakin gero, da saura, da dajin da ke kan fako. A kan sandunan akwai na'urori masu auna hawa da saukar iska sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, tare da zafi da laimar da take ɗauke da su. Jiragen sama suna bi ta ƙasa-ƙasa suna nasu awon, taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hoto, ga kuma ma'aunan ruwan sama kimanin ɗari da aka warwatsa a yankin.

Abubuwan da waɗannan ayyuka suka nuna manomi zai gane su. Na farko, rabon zafi a gonar rairayi yana juyawa da sauri. Washegarin ruwa, tururi ne ke cin kaso mafi yawa. Kafin kwana biyu ko uku saman ƙasa ya bushe, sai rabo ya koma wa iska, in ban da abin da saiwar shuka ke jawowa daga ƙasa. Na biyu, a gonar geron da tsirrai suka yi nesa da juna, kashi ɗaya cikin uku na ruwan damina, ko ma fiye, yana tashi ne kai tsaye daga ƙasar da ke tsirara, bai ko ratsa jikin gero ba. Asara ce tsantsa. Na uku, wurare biyu da ba su fi kilomita goma tsakani ba suna iya ƙare damina da bambancin ruwa mai yawa. Wannan ba labari ba ne a wurin wanda ya taɓa ganin ruwa ya jiƙa gonar maƙwabci ya tsallake tasa, amma a wancan lokaci aka fara rubuta shi da alƙaluma masu yawa haka.

Game da maganar Charney kuwa, awon ƙasa da na taurari ya nuna cewa sauyin da aka samu a hasken da ƙasa ke mayarwa bai kai ko kusa da abin da ya sa a lissafinsa ba. Sa'an nan tun 1986 masana a ofishin yanayi na Ingila, ƙarƙashin Chris Folland, suka nuna cewa shekarun farinmu suna tafiya tare da sauyin zafin ruwan teku. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka gwada da kwamfuta. Suka ba ta tarihin zafin tekuna kawai, ba su gaya mata kome game da saran itace ko kiwo ba, sai ga shi ta fitar da shekarun ruwa na 1950 da shekarun fari na 1970 da 1980. Akwai kuma shaidar cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya hana iskar damina hawowa arewa sosai. Ga shi kuma daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, ƙasa ta sake yin kore a wurare da yawa, alhali mutane da dabbobi ƙaruwa suka yi.

Wannan bai nuna cewa ƙasa ba ta da hannu ko kaɗan ba. In teku ta fara kawo fari, busasshiyar ƙasa tana ƙara masa ƙarfi, domin ba ta mayar wa iska da laima. Har ila yau, bayan wani babban bincike mai suna AMMA da aka tsananta a 2006, Christopher Taylor da abokansa suka bi sawun hadari kusan 4,000 ta hotunan taurari. A 2011 suka bayyana cewa hadari ya fi haɗuwa, har ninki biyu, a inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi iyaka da busasshiya. Dalili kuwa shi ne, iskar busasshen wuri tana yin zafi ta tashi, mai laima ta kwararo daga jiƙaƙƙen wuri ta cike gurbinta, a nan girgije yake kafuwa. Sun ƙiyasta cewa hadari ɗaya cikin takwas ta haka yake farawa. Ke nan rabon zafin da ƙasa ta yi yau yana da hannu a inda ruwan gobe zai sauka.

Ido daga sama

Alhaji na Birnin Kudu, ga taka amsar. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin tururi. Abin da yake gani shi ne hasken da ƙasa ta mayar, da koren shuka, da zafin doron ƙasa, ta hanyar wata kyamara mai jin zafi. An harba Landsat na farko a 1972, daga 1982 kuma aka samu masu kyamarar zafi mai inganci. Sauran aikin lissafin ɗan kasuwa ne. An san jarin da ya shigo. Ana ƙiyasta abin da ya nutse ƙasa, da abin da ya shiga iska. Abin da ya rage tilas tururi ne ya ci, daga nan a mayar da shi milimita, a mayar da shi durom.

Wanda ya shahara da wannan hanya shi ne Wim Bastiaanssen na ƙasar Holan, wanda ya bayyana tsarinsa mai suna SEBAL a 1998, kuma awon da aka yi a Nijar yana cikin abin da aka gwada tsarin da shi. Dabararsa ita ce a nemi wuri biyu a cikin hoto ɗaya. A sami wurin da ya fi ko'ina zafi da bushewa, kamar fako, a ɗauka babu tururi a nan. A sami wurin da ya fi ko'ina sanyi da laima, kamar tafki ko fadama, a ɗauka nan tururi ya cinye kusan duka. Kowace gona kuma sai a ba ta matsayinta a tsakanin waɗannan biyu. Watau abin da tafin ƙafar Malam na Gwaram ya gaya masa tsakanin tudu da lambu, shi ne dai kwamfuta take lissafawa. A 2017 FAO ta buɗe wani rumbun bayanai a intanet mai suna WaPOR, inda ake ganin ƙiyasin ruwan da gonakin Afirka ke sha. Masu hasashen kaka suna amfani da irin waɗannan taswirori, domin gonar da tururinta ya ragu a tsakiyar damina tana cikin ƙishi, tun kafin ganye ya nuna.

Sai dai a yi hattara. Girgije yana rufe wa kyamarar zafi ido, ga shi kuma da damina aka fi bukatarta. Tauraron Landsat ɗaya sai bayan kwana 16 yake komowa wuri guda. Sa'an nan ƙwayar hotonsa ta zafi tana haɗe fili mai kimanin mita 100, don haka ƙananan gonakinmu masu gero da wake da gyaɗa a haɗe sukan cakuɗe da na maƙwabta. Ƙiyasi ne mai amfani ga yanki, amma bai hana ɗan kasuwa shiga ƙauye ya duba zangarniya da idonsa ba.

Abin da ke hannun manomi

Teku dai ba ta hannun kowa a Gwaram. Amma rabon zafin da ake yi a cikin gona, manomi yana da ta cewa a kai. Binciken da R. J. Vandenbeldt da J. H. Williams suka yi a Sadore, wanda ya fito a 1992, ya nuna cewa ban da takin da gawo ke zubarwa, inuwarsa tana rage zafin ƙasa a lokacin da gero ke tsiro, lokacin da zafi ya fi kashe shi. Barin kara ko ciyawa a kan ƙasa yana tare rana, ya rage ruwan da ke tashi a banza. Taki yana sa shuka ta rufe ƙasa da wuri, ruwan da zai tashi daga tsirara sai ya bi ta jikin gero ya zama hatsi. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka koma barin kututturen itatuwa su toho a cikin gona, suna gyara su maimakon ƙone su. An ƙiyasta cewa wannan ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram.

To, Malam, a gaya wa dattawan da suka sha wuyar 1973 cewa ba gatarinsu ne ya kori ruwan waccan shekara ba, babban dalilin daga teku ya taso. Amma itacen da aka sare a gona, mai gonar ne zai fara jin rashinsa, a tafin ƙafarsa da kuma a rumbunsa.